Sun Hana Mu Tuwo, Sun Kuma Hana Mu Barci



Na daɗe ina danne wannan magana don kada a ce na taɓa hanyar abincin wani, amma abin da ya faru da wani dattijonmu a nan Sabon Ibadan cikin watan jiya ya sa na ga shirun ya isa haka nan. Wanda zai ji haushi ya ji, ni dai zan faɗa. Maganar ita ce ta wannan sabon yayi da ya shigo mana, na ƙaurace wa tuwo da shinkafa da doya da burodi gaba ɗaya da sunan rage tumbi, abin da masu shi suke kira keto, da yadda yake raba mutanenmu da barci, ana kuma ce musu su yi haƙuri wai alama ce ta cewa abin yana aiki.

Ni ba labari aka ba ni ba, na shiga na fito. A farkon shekarar 2024 na je awon jini, aka ce sukarina ya ɗan hau amma bai kai a kira shi ciwo ba tukuna. Likitan ya ce in rage ƙiba, in riƙa tafiya a ƙasa. Da na dawo sai na ba wani yaro labari, ɗan aminina ne, a gabana aka haife shi a nan garin, Yarabanci ma ya fi Hausa zama a bakinsa. Kafin in yi sallar La'asar ya jefa ni cikin wani zaure na WhatsApp, inda wani da suke kira koci yake ba da umarni safe da yamma. Wannan koci ba likita ba ne, bai kuma taɓa tambaya ta shekaruna ko irin maganin da nake sha ko ƙarfe nawa nake tashi ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne nauyina, da kuɗin rajista.

Dokar ita ce: ba tuwo, ba shinkafa, ba sakwara, ba teba, ba amala, ba fura, ba kunu, ba ayaba, ba dabino. Wake ma an ce a yi nesa da shi. Abin da ya rage shi ne ƙwai da nama da kifi da man shanu da man kwakwa da ganye. Idan kuma kewar tuwo ta dame ka, sai a markaɗa kabeji a matse a tuƙa shi da wani gari mai yauƙi da ake saye da tsada, a ce maka ga tuwo nan. Ranar da maiɗakina ta tuƙa mini shi, ta ajiye ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Malam, in ba ka da lafiya ne ka faɗa mini." Na ce mata ai neman lafiyar nake yi. Ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," da irin muryar nan da duk mai iyali ya san ma'anarta.

Makon farko na hau ma'auni na ga kilo 3 sun tafi. Na yi murna, na tura hoto zaure, aka yi ta yi mini tafi. Amma fa tun dare na huɗu barcina ya watse. Ina tashi fitsari sau uku, wani daren sau huɗu. In na kwanta sai jijiyar sha-raɓata ta ɗaure har sai na miƙe na dafa bango. Misalin ƙarfe biyu idona zai bushe ƙamas, zuciya tana bugawa kamar wanda ya yi gudu, ina kwance ina jin janaretan maƙwabci da kukan sauro har ladan ya yi kiran farko. Sai barcin ya zo daidai lokacin da ya kamata in tashi. Sau biyu jam'in Asuba ya wuce ni a mako guda, abin da na shekara da shekaru bai same ni ba. Da na kai ƙara, yaron nan ya ce, "Kawu, ka daure, dattin jikinka ne yake fita." Koci kuma ya ce in riƙa jiƙa gishiri a ruwa ina sha.

A kwana na 19 na tashi zuwa Shagamu a motata. Wajen Ogere, inda manyan motoci suke jere a gefen titi, na ji wani ƙara, ina buɗe ido na ga ashe na bar hannuna, madubin gefe ya goge bayan wata tirela ya tarwatse. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Da tazarar ta ƙaru da taku ɗaya, da yanzu wani ne yake ba ku labarin. Na sauka gefe jikina yana rawa, na zauna wajen wata mai abinci na ce ta zuba mini shinkafa da wake. A nan keto ɗina ya ƙare.

Bayan nan ne na zauna na bi diddigin abin, na kuma koma wajen likita na faɗa masa gaskiya. Abin da na gano ba wani sirri ba ne, masana sun daɗe da saninsa, kocin ne kawai ko bai sani ba ko bai ga dama ya faɗa ba.

Jikin mutum yana da rumbun sitaci a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan ka daina cin sitaci, jiki zai buɗe rumbun ya cinye, ruwan kuma ya fita ta fitsari. Sannan insulin yana sauka, in ya sauka kuma ƙoda tana sakin gishiri, gishiri yana jan ƙarin ruwa. To kun ga kilo 3 ɗin nan da aka yi mini tafi a kansu, mafi yawansu ruwa ne na zubar a bayan gida cikin dare, ba kitse ba. Kuma wannan zubar ruwa da gishiri ita ce ake dangantawa da ciwon kai da ɗaurewar jijiya da bugun zuciya na makonnin farko. Babu wani datti da yake fita. Shan ruwan gishiri kuwa, a ce wa mutum ya yi shi ba a auna jininsa ba, don Allah a duba mini. Mutum nawa ne a cikinmu suke yawo da hawan jini ba su sani ba, sai ranar da aka ce sun yanke jiki sun faɗi a kasuwa?

Akwai kuma alaƙa tsakanin sitaci da barcin kansa. Ƙwaƙwalwa tana haɗa sinadarin da yake sanar da jiki dare ya yi, wato melatonin, daga wani abu da ake samu a abinci mai suna tiriftofan. Tun farkon shekarun 1970 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa cin sitaci yana sauƙaƙa wa wannan abu hanyar shiga ƙwaƙwalwa. A 2007 kuma wasu a jami'ar Sidni ta Ostareliya suka gwada maza 12 da shinkafa iri biyu awa 4 kafin kwanciya. Da suka ci mai saurin narkewa barci ya ɗauke su cikin kusan minti 9, da suka ci ɗayar kuwa sai da suka kai kusan minti 17. Ƙaramin gwaji ne, ban ce a ɗauke shi aya ba, ban kuma ce mai ciwon suga ya cika ciki da farar shinkafa don ya yi barci ba. Amma ya nuna cewa tsohuwar da take ce wa jikanta ya ci tuwo ya kwanta ba shirme take yi ba.

Sai abu na uku, wanda namu ne mu kaɗai, kocin da ya kwafo darasinsa daga Amurka ba zai taɓa kawo shi a ransa ba: goro. Mu da goro da shanu suka kawo kakanninmu ƙasar Yarabawa har aka kafa wannan unguwa a 1916, me kuke tsammani za mu yi in yunwa ta taso an hana mu abinci? Ɗan marsa za mu ɓare. Ni da nake cin ɓari ɗaya bayan Azahar, sai ga ni ina tauna uku zuwa huɗu a yini, ga baƙin kofi ba sukari da aka ce ya halatta a sha ko nawa ne. Goro da kofi duk suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Goron da ka ci ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan a jininka ƙarfe goma na dare. Ga cikin da babu komai, ga fitsari, ga goro, ta ina barci zai shigo?

Yanzu bari in zo inda abin ya fi ba ni haushi. Da a ce rashin barcin nan farashi ne da mutum yake biya ya sami ramar da yake nema, da sai in ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. To ba haka ba ne. Rashin barci shi da kansa yana rushe abin da ake ginawa. A 2004 masu bincike a jami'ar Chicago sun taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa 4 na dare biyu. Sinadarin da yake sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da ransu ya fi biyawa shi ne kayan zaƙi da sitaci, wato daidai abin da koci ya haramta. A 2010 a wannan jami'a aka sa mutum 10 masu ƙiba a kan rage abinci na mako biyu, sau ɗaya ana ba su awa 8 da rabi a gado, sau ɗaya awa 5 da rabi. Abincin ɗaya ne, amma da aka rage musu barci kitsen da suka zubar ya ragu da fiye da rabi, asarar ta koma kan tsoka. Tun 1999 ma an nuna cewa kwana shida na gajeren barci yana lalata yadda jikin saurayi lafiyayye yake sarrafa sukari. To ni da na shiga keto saboda tsoron suga, ashe da rana ina gini da dare ina rushewa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kuma ku tuna su wa ake ba wannan shawara. Ba Bature mai ritaya da na'urar sanyaya ɗaki ba ne. Mutanenmu ne: ɗan kasuwar Bodija da motar wake ko albasa take iso masa tsakar dare ya tsaya a sauke, mahauci da yake fita kafin gari ya waye, direban da zai ɗauko shanu daga Arewa ya kwana biyu a hanya, ɗan acaɓa, mai gadi, mai shayin da ba ya rufewa sai ɗaya na dare. Masana barci sun ce baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Wa yake samun haka a cikin waɗannan ko da cikinsa a cike? Zafi da sauro da rashin wuta sun riga sun ci rabonsu. Ɗan abin da ya rage shi ne koci ya zo ya ce a sadaukar. Wani bincike na 1997, shi ma a Ostareliya, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna komawa kamar na wanda ya sha giya daidai mizanin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Mu da ba ma yarda a ajiye kwalbar giya kusa da shagonmu, sai ga shi muna ɗora ɗan'uwanmu a kan sitiyari cikin irin wannan hali, muna ce masa ya daure.

Dattijon da na ambata da farko, shekarunsa sun haura 60, ya daɗe da ciwon suga, yana shan ƙwayar nan ta gilibenkilamaid, wadda mutanenmu suka fi sani da Daonil. Ɗansa ne ya sa shi a keto, da kyakkyawar niyya. Ba wanda ya ce masa idan ka cire tuwo ka bar ƙwayar yadda take, sukarin zai iya faɗuwa ƙasa warwas, kuma cikin dare abin ya fi haɗari domin mutum yana kwance ba mai ganinsa. Ya yi kwanaki yana farkawa cikin gumi sharkaf, da munanan mafarkai, da rawar jiki. Gida aka rabu biyu: ɗan yana cewa jiki ne yake sabawa, Hajiya tana cewa iska ce ko hannun mutane, har an fara turare. Daren da abin ya yi tsanani ya tashi yana sambatu bai gane kowa ba. Allah Ya sa 'yar maƙwabcinsu ma'aikaciyar jinya ce, aka buga mata ƙofa. Ta auna yatsansa, ta ga yana iya haɗiya, ta ce, "Hajiya, a kawo sukari da ruwa yanzu-yanzu." Cikin ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mutane, da gari ya waye aka wuce da shi asibiti. Da barcin ya yi nauyi a daren nan bai farka ba fa? Wa za a tuhuma? Kocin ko sunan Baba bai sani ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a majalisa. Za a ce ai wane ya yi ya rame kuma yana barcinsa lafiya. Gaskiya ne. Ba kowa abin yake kamawa haka ba, da yawa kuma bayan mako biyu ko uku jikinsu yana daidaita. Mai ƙiba da minshari yake shaƙe shi cikin dare, in ya rame ta kowace hanya barcinsa yakan gyaru. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ma a 2019 ta yarda cewa rage sitaci yana taimakawa wajen saisaita sukari. Ban musa ko ɗaya ba. Amma ragewa daban, yankewa daban, kuma a hannun likita daban, a hannun mai karɓar kuɗin rajista daban. Shi wannan keto asalinsa magani ne. Wani likita mai suna Russell Wilder ne ya raɗa masa suna a 1921 a asibitin Mayo na Amurka, don masu farfaɗiya, kuma har yau in za a sa yaro a kansa sai da likita da masanin abinci suna bibiya. Daga baya ne irin su Robert Atkins da littafinsa na 1972 suka fito da cin nama a bar sitaci kasuwa a matsayin hanyar rama. Magani kuwa ko na gargajiya ne ba a raba shi a zaure kowa ya ɗiba.

Sannan wai dole sai ta wannan hanya ake ramewa? A 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwajin mutum 609 na tsawon shekara guda, rabi sun rage sitaci, rabi sun rage maiƙo. Na farko sun zubar da kimanin kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗoriya, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Abin da aka ce wa duka ɓangarorin biyu su yi shi ne su bar sukari da farar fulawa su yawaita ganye.

A nan ne nake ganin an kama marar laifi an saki ɓarawo. Za a ce kakanninmu sun ci tuwo ne domin suna noma, mu kuwa muna zaune a shago. Na yarda, shi ya sa malmala uku ba ta dace da ni ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, tuwon dawa ne ya fito mana da tumbi a Kudu? Mu duba abin da muke ci tun da muka baro gida. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, da rabin burodin Agege. Da rana teba ko farar shinkafa tuli guda a kora da lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa ta 35cl take ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya. In baƙo ya zo a kawo maltina, kai ma ka taya shi. Da dare indomi biyu da ƙwai wajen mai shayi ƙarfe sha ɗaya. Daga gida zuwa masallacin da bai fi taku ɗari uku ba sai a hau babur. Duk wannan yana nan, sai aka tsallake aka je aka kama gero da dawa da wake da acca, abincin da yake da dusa da ƙwari, mai narkewa a hankali, aka ɗaure su tare da Fanta a igiya ɗaya wai duk sitaci ne.

Kuma abin da ba a faɗa shi ne tsada. Mutumin da yake aika kuɗi gida Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi kowane wata, ka ce masa ya rayu a kan nama da kifi da ƙwai sau uku a rana? Abin da yake faruwa shi ne ba ya iya saye, sai kawai ya zauna da yunwa, ya kira ta keto.

Ni abin da nake yi yanzu, da sanin likitana, ba shi da suna kuma ba a biyan rajista. Na bar lemon kwalba sai ranar biki. Shayina cokali ɗaya. Burodi ya koma na Juma'a. Da rana wake ko alale ko dambu da zogale mai yawa. Da dare, tsakanin Magariba da Isha'i, malmala ɗaya ta tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, miyar ta fi tuwon yawa. Goro ba ya wuce Azahar. Ina takawa daga Sabo zuwa Mokola in dawo. Ramar ba ta zo da gudu ba, ba kuma wanda ya yi mini tafi, amma wandunan da na ajiye sun shige ni, awon sukarina na baya-bayan nan ya sauko, kuma ina kwanciya ƙarfe goma sai ladan ya tashe ni.

Ga masu shan maganin suga ko allurar insulin ko maganin hawan jini, da mata masu ciki ko masu shayarwa, da masu ciwon ƙoda, ina roƙonku don girman Allah kada wanda ya cire abinci daga kwanonsa sai ya zauna da likitan da ya rubuta masa maganin. Wanda kuma ya riga ya shiga, in yana farkawa da gumi da rawar jiki, wannan ba lokacin haƙuri ba ne, a auna sukarin a daren. Direbobinmu kuwa, duk wanda ya san bai yi barci ba saboda wannan tsari, ya ajiye makulli, ko ya ajiye tsarin.

Shi yaron nan ɗan aminina, mun haɗu a masallaci bayan abin da ya sami Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi ban san haka abin yake ba." Na ce masa na sani, shi ya sa ba da shi nake ba. Na tambaye shi ko ya sanar da zauren abin da ya faru. Ya ce ya rubuta, amma kafin a jima koci ya goge saƙon, ya kuma rufe zauren yadda ba mai iya magana sai shi.